Ku Tambaya Mu Amsa: In mai labarin ya ce bai sani ba, wa za a tambaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ƙaƙa zafi. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan Maraɗi. Dan Allah wata gardama ce ta hana mu shan shayi lafiya a fadarmu ta Ali Ɗan Sofo. Mun kalli fim ɗin Le Seigneur des anneaux duka ukun, sai ni na samu littafin a waya na karanta, sai na tarar da wani tsoho wai shi Tom Bombadil wanda babu shi cikin fim, zoben nan da kowa ke tsoro shi ya zura shi a yatsa bai ɓace ba har dariya yake. Na karance littafin kaf ba inda aka faɗi ko shi wane ne. Abokina ya ce marubucin ne ya manta da shi, ni na ce ba haka ba ne amma ban da hujja. Mi ya sa mutum zai ƙirƙiro duniya da kanshi kuma ya ce bai san abin da ke cikinta ba? Wannan ba rainin wayo ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, zafi lokacinsa ne. Ka ce ma abokin naka sukarin satin nan yana wuyansa don ya faɗi gardama. Tolkien, marubucin littafin, bai manta ba, tun yana raye aka yi ta damunsa da wannan tambayar taka, a 1954 ya rubuta ma wata marubuciya mai suna Naomi Mitchison wasiƙa, a ciki ya ce ko a zamanin almara dole a samu abubuwan da ba a gane kansu ba kamar yadda ake samu a kowane zamani, kuma Tom ɗaya ne daga cikinsu, da gangan ya bar shi haka. Tom ɗin ma ya girmi littafin. Ɗan tsana ne na ƴaƴansa, ya yi masa waƙa aka buga a 1934, shekara 20 kafin labarin zoben ya fito.

Koma ka duba yadda aka bi da shi a littafin. Frodo, wanda ke ɗauke da zoben, ya tambayi matar Tom wane ne mijin nan naki, ta ce shi ne, da ya ƙara dubanta ta ce shi ne ubangidan daji da ruwa da tudu. Elrond, wanda ya shekara dubbai a duniya, iya abin da ya sani shi ne mutanensa suna kiran Tom mafi tsufa marar uba. Da aka ce to a kai masa zoben ya ɓoye mana, Gandalf, tsohon mai sihirin nan, ya ce ai mantawa zai yi da shi ko ya yar. Ka ga manyan masanan duniyar ke nan, kowa ya kawo ɗan abin da ke hannunsa kuma duka ba su kai ba.

Inda ku ka haɗa abu biyu shi ne marubuci da mai ba da labari, alhali kowa da aikinsa. Tolkien malamin harsuna ne a Oksfod ta Ingila, rayuwarsa duk cikin tsofaffin takardu ya yi ta, waɗanda wani shafi ya yage wani mai kwafi ya yi kuskure, sai ya gina labarinsa kamar irin waɗannan takardun. Ya nuna wai shi fassara kawai ya yi daga wani Jan Littafi wanda Bilbo, mai zoben kafin Frodo, ya fara, Frodo ya ci gaba, abokin tafiyarsa Sam ya ƙarasa, daga baya wani magatakarda a masarautar Gondor ta cikin labarin ya kwafe. To su waɗannan ukun su wane ne? Mutanen ƙauye ne masu son abinci da tukunyar taba, galibin danginsu ba su taɓa ƙetare iyakar ƙasarsu ba. Abin da idonsu ya gani da abin da manya su ka ga damar gaya musu, shi su ka rubuta. In da Sam zai zauna ya zayyana maka asalin Tom dalla-dalla sai ka tambaye shi, kai kuma a ina ka ji?

Haka yake a Silmarillion, wani littafin Tolkien ɗin wanda ɗansa Christopher ya haɗa ya fitar a 1977 bayan rasuwar uban a 1973. Ko asalin Ork, miyagun nan da ke cika fagen yaƙi, ba a yanke ba, cewa aka yi masu hikima sun ɗauka Elf ne, jinsin nan masu kyau da tsufa ba ya kashe su, aka kama aka azabtar har su ka lalace, kuma shi kansa Tolkien ya yi ta sake shawara kan maganar har ya mutu. Masu sihiri biyar ne su ka zo, uku mun san su, Gandalf da Saruman da Radagast, biyu masu shuɗin kaya su ka yi gabas shiru kake ji. A wata wasiƙa ta 1958 ya ce yana tsoron sun kasa aikin da aka aiko su, a rubutun ƙarshen rayuwarsa kuma ya ce a'a sun yi babban aiki wajen karya ƙarfin Sauron, mugun da ya ƙera zoben, a gabas. Wanne za ka ɗauka? Duka biyun hannunsa ne.

Kuma mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Je ka zauna gaban wani dattijo a Bagalam ko Maradawa ka ce Baba ba ni labarin yadda Katsinawa su ka baro Katsina bayan 1807 har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Za ka ji inda yake da tabbas muryarsa a tsaye, yana lissafo sarakuna da yatsa, in ya iso inda abin ya yi duhu sai ya gyara hula ya ce to nan kam haka mu ka ji daga manya, wasu kuma su kan ce kaza, Allah shi ne masani. Wannan gyaran hular ne ke sa ka yarda da sauran maganar tasa. Wanda zai gaya maka launin dokin kowa da abin da aka ci da dare ranar, kai ma ka san ƙari yake. Labarin Bayajida ma da kowa ya sani, da rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai Juma'a, in ka zo lissafin Banza Bakwai sai ka ji jerin wannan ya saɓa da na wancan. Manyan marubutan tarihi haka su ke yi tun da. Herodotus na Girka ya ce aikinsa ya faɗi abin da ake faɗa amma ba dole ne ya gaskata duka ba, Imam Ɗabari wanda ya rasu a 923 shi ma a gabatarwar tarihinsa ya ce abin da aka ruwaito masa ne ya kawo. Marubucin almara wannan muryar yake arowa don duniyarsa ta yi kama da wadda aka daɗe ana rayuwa cikinta.

Amma tsakani da Allah, babobin Tom ɗin suna da jan rai, waƙe-waƙen nan nasa ni gundura ta su ke, kuma Peter Jackson da ya cire shi daga fim ɗin 2001 ban ga laifinsa ba.

Tambaya: Slm Malam. Ni mai gyaran waya ne a babbar kasuwa, ina tura ma mutane fina-finai. Na kalli House of the Dragon, an nuna ƙarara Larys ne ya sa aka cinna wutar da ta kashe ubansa da wansa a Harrenhal. Sai wani kwastoma na ya ce wai a littafi ba a san wanda ya yi ba. To ƙaƙa ke nan, masu fim ne su ka yi ƙarya ko littafin ne bai cika ba? Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Kwastoman naka ya yi gaskiya. Littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, Fire & Blood na George R. R. Martin wanda ya fito 2018, ba a rubuta shi kamar labari ba, an rubuta shi kamar littafin tarihi ne wanda wani malami na cikin duniyar mai suna Gyldayn ya tattara shekaru da yawa bayan kowa ya mutu. Kan yaƙin neman sarauta na ƴan gida ɗaya da fim ɗin ke nunawa, madogararsa uku ne manya. Akwai Eustace, limamin fada, wanda zuciyarsa ke wajen Aegon, ɗaya daga cikin masu neman sarautar. Akwai Munkun wanda ya dogara da bayanin da wani malamin fada ya rubuta yana tsare a kurkuku yana neman ya tsira da wuyansa. Sai Mushroom, wada ne wawan sarki, kowa na masa kallon marar hankali shi ya sa ake sakin baki gabansa, amma fa bakinsa ba linzami, duk labarin da ya fi ƙazanta shi ya fi so. Kan gobarar Harrenhal, Mushroom ya ce Corlys ne, wani babban basarake, Eustace ya ce Daemon ne, ƙanen sarki, wasu su ka ce Larys, har akwai mai zargin sarki Viserys da kansa, wasu kuma su ka ce tsautsayi ne ko la'anar gidan.

Kamara kuwa ba ta iya cewa wai. Dole ta nuna hannu ɗaya riƙe da wuta, shi ya sa masu fim ɗin da ya fara a 2022 su ka zaɓi Larys. Ba ƙarya su ka yi ba, ɗaya daga cikin ruwayoyin su ka ɗauka su ka tsaya a kai. Ni dai na fi jin daɗin littafin a nan, don kana karantawa kana auna wa ke da riba in aka yarda da wannan maganar, kamar kai ne alƙali. Kada ka ɓata rezo kana neman wanne ne na gaskiya, ba a yi gobarar ba balle a samu mai laifi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mushe ne, ina koyar da Faransanci a wani kwaleji a Tibiri. Ni fa ban yarda da wannan yabon ba. Gani nake marubuci in ya yi kuskure ko ya rasa yadda zai ƙarasa sai ya laɓe bayan cewa mai ba da labarin ne bai sani ba. Ɗalibi na in ya yi min haka a jarabawa sifili zan ba shi.

Amsa: Allah ya ƙara sani Mushe, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Ana laɓewa, sosai ma. Shi Martin ɗin da kansa ya amsa cewa akwai dokin da ya fara a goɗiya ya koma namiji a littafi na gaba, akwai kuma wanda launin idonsa ya canza, waɗannan kuskure ne tsagwaronsa bai ce dabara ba ce. Amma a littattafan nasa dai akwai yarinya Sansa da ke tuna wani mutum ya sumbace ta daren yaƙi, alhali mai karatu yana wurin, ya ga ba a yi ba. Wannan da gangan ne, yana nuna maka yadda tsoro ke sake ma mutum abin da ya gani. Bambancin su biyun, na farko in ka gano shi ba abin da ya ƙara maka, na biyu in ka gano shi ka ƙara sanin yarinyar.

Wani lokaci ma kuskuren ne gwani ke mayarwa dabara. A littafin Hobbit na Tolkien na 1937, Gollum, wanda zoben ke hannunsa kafin Bilbo, da kansa ya sa zoben a matsayin ladan wasan kacici-kacici, su ka rabu da Bilbo lafiya lau. Da Tolkien ya zo rubuta babban labarin, zoben ya zama abin da ba wanda ke iya rabuwa da shi da son rai, sai tsohon babin ya zama matsala. A bugun 1951 ya sake babin, sannan ya ce ai na farkon ƙarya ce Bilbo ya shara don ya halatta ma kansa zoben, kuma wannan ƙaryar daga bakin mutum mai gaskiya ita ce ta fara sa Gandalf zargin zoben ba na banza ba ne. Gyaran ɓaraka ne, ba musu, amma gyaran ya ƙara ma labarin nauyi. In ɗalibinka ya iya haka Mushe ka ba shi 18 bisa 20.

Ko a gida muna da shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito daga gasar 1933, Alhaji ne ke ba da labarin kansa, duk wulaƙancin da su ka yi ma juna da Malam Zurƙe daga bakinsa mu ka ji. Ba mu taɓa jin ta bakin Zurƙe ba, kuma mutumin da ya yi ta damfarar garuruwa da bakinsa ba lalle ne ya ƙyale masu sauraronsa ba.

Tambaya: Slm yaya, dan Allah a sakaya sunana, daga unguwar Zariya nike. Ina rubuta nobel a WhatsApp kan wata yarinya mai tallar fura da ta faɗa gulbin Maraɗi da damina ta tsinci kanta a masarautar aljanu ƙarƙashin ruwa, yarinyar ce ke ba da labarin da bakinta. Na kai babi na 31 yanzu ƴan gurup sun tasa ni gaba wai sai na faɗi asalin sarauniyar aljanun da dalilin da ya sa take rufe rabin fuskarta, ni kuma wlh ban shirya ma wannan ba, kawai na sa ne don ya yi daɗi. In ƙirƙiro musu wani abu ko in ce ba wanda ya sani?

Amsa: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, babi 31 a waya ba wasa ba ne. Tambayoyi biyu su ka yi miki kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Asalin sarauniya kina iya barinsa har abada. Mai tallar fura ce ke magana, baƙuwa ce a wurin, wa zai zaunar da ita ya karanta mata tarihin gidan sarauta? Amma kada ki rubuta ba wanda ya sani ki wuce, wannan shi ne laɓewar da Mushe ke faɗa a sama. Ki ba ta mutum biyu ko uku su gaya mata, kowa da nasa. Kuyangar da ke mata shimfiɗa ta ce sarauniya mutum ce irinki, ruwa ya ci ta shekarar da gulbi ya cinye tsohon gari, kin ga ambaliyar 1945 da ta sa aka maida Maraɗi bisa tudu tana nan a bakin tsofaffi, mai karatunki na nan zai ji tsigar jikinsa ta tashi. Waziri kuma ya ce ƙarya ne, tun kafin a haƙa gulbin take. Sannan ke a littafinki na ajiya, ba na gurup ba, ki rubuta mi ya sa kuyanga ke son a yarda da nata, wataƙila ita ma mutum ce tana neman mai tayata kewa, mi ya sa waziri ke tsoron a ce sarauniya ƴar Adam ce. In kin san wannan ko ba ki san gaskiyar asalin ba labarin zai tsaya da ƙafarsa.

Rufin fuska kuwa bashi ne kin ci. Ke ki ka ɗora mayafin nan gaban mai karatu, in kin yi ta ambatonsa babi bayan babi to kin yi alkawarin za a yaye shi, kuma ranar da ki ka rufe littafi ba a yaye ba ƴan gurup suna da gaskiya in sun yi miki ca. Abin da ke can nesa, tsohon zamani, ƙasar da ba a je ba, wanda ya gina ƙofar farko, wannan ana barinsa cikin duhu. Abin da labarin ke tafiya a kansa dole a biya. Tolkien bai faɗi wane ne Tom ba amma bai bar mu muna tambayar ina zoben ya ƙare ba, mun ga ya faɗa wuta. Kuma kada rashin sani ya zama hanyar ceton yarinyarki, a ce an kewaye ta za a kashe sai wani haske da ba a san daga ina ba ya ɗauke ta. In za ki yi haka to tun babi goma baya a ji ana raɗe-raɗin hasken.

Sai abu ɗaya da nake yawan gani a nobel ɗin waya, marubuciya ta ce ni kuwa na laɓe bayan labule da birona don in ɗauko muku rahoto. A labarin soyayya na cikin gida yana ba da dariya, ba laifi. A naki kada ki yi. Tunda yarinyar ce ke magana, duk ɗakin da ba ta shiga ba ba ki da ikon shiga, in waziri da sarauniya sun yi ƙus-ƙus a turaka sai dai ta ga ya fito ido jajur, ko kuyanga ta tsegunta mata rabi, ko ta fahimci abin a karkace ta yi aiki da kuskuren ya ja mata wahala. Nan ne ma daɗin yake, mai karatu ya hango abin da ita ba ta hango ba yana ta ce mata kar ki shiga.

Ƴan gurup kuma ki ce musu su yi haƙuri fuskar tana nan tafe, ki zauna yau ki yanke abin da ke ƙarƙashin mayafin kafin ki rubuta babi na 32, don alamunsa su fara fitowa tun yanzu. In sun matsa kan asalin, ki tambaye su tsakanin kuyanga da waziri wa su ka yarda da shi, ki bar su su yi ta yi. Ki turo min babin da aka yaye mayafin in kin kai.